Don Kujerar Kushin Za Mu Gurgunta Mage?

  

Yau maganar mage zan yi. Na san wani zai ce wannan yaro ya rasa abin faɗa, ana fama da tsadar abinci da kuɗin mota shi kuma ya zo mana da zancen kyanwa. To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin abin da na gani a gidanmu na Azare da Sallar nan ya tsaya mini a rai, kuma da na bi diddiginsa sai na tarar daga wajenmu ya fito, mu da muke zaune a Kudu muna kai wa gida sababbin abubuwa.

Mahaifinmu fataucin wake da gero yake yi. Ana tara masa kaya daga kasuwar Azare ta ranar Lahadi da kasuwannin ƙauyukan ƙasar Katagum, a jibge a siton gidanmu, idan sun kai lodi a ɗora wa tirela zuwa Bodija, inda nake tsare masa shago. A wannan sito akwai wata mage da ta shekara huɗu tare da mu, har yara suka sa mata suna 'Yar Sito. Tun da ta zo ba mu ƙara sayen maganin ɓera ba. Ba ta satar kifi, ba ta taɓa cizon kowa ba, idan Baba ya zauna a zaure sai ta zo ta kwanta a gefen buzunsa.

A bara yayana ya yi aure, aka jera wa amarya kayan ɗaki, har da saitin kushin mai kyau da iyayenta suka sha wahala kafin su haɗa. 'Yar Sito ta samu ƙofa a buɗe ta shiga, ta ga hannun kujera ya yi mata daidai da miƙa, ta karce shi har soso ya leƙo. Amarya ta yi kuka, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa Yaya ya taɓa yin tuƙi a gidan wani mai kuɗi a Ikko, a can ya ji ana cewa a Amurka cire wa mage farce ake yi, ta zauna a kan kujera lafiya lau. Sai ya kira wani mai tallar maganin dabbobi, aka cusa magen a buhu, samari biyu suka danne ta, aka riƙa zaro ƙafafunta na gaba ana fizge faratan da filaya ɗaya bayan ɗaya. Babu allurar barci, babu ta kashe zafi. Ƙannena sun ce har maƙwabta sai da suka leƙo saboda kukanta.

Na iso gida bayan mako uku da yin wannan aiki. Na tarar da ita a ƙarƙashin benci a zaure, ta rame, dagin nan biyu sun kumbura suna fitar da mugunya, idan za ta yi tafiya sai ta riƙa ɗage ƙafa kamar mai taka garwashi. Na ce, "Yaya, me ya samu 'Yar Sito?" Ya ce, "Farce kawai aka cire mata, zai warke. Kai ba ka yanke naka duk Juma'a?"

Wannan amsa ta Yaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata mutane da yawa haka suke ɗauka, alhali kuwa kuskure ne babba. Farcen mutum a kan fata yake kwance, kana yanke bakinsa ba ka ji komai ba. Farcen mage kuwa daga cikin ƙashin gaɓar ƙarshe ta yatsa yake tsirowa, shi da ƙashin a manne suke. Shi ya sa likitocin da ke wannan aiki ba farce suke cirewa ba, gaɓar ƙarshen gaba ɗaya suke datsewa, da ƙashinta da jijiyoyinta, saboda idan aka bar tushen zai sake tsirowa a karkace a cikin nama. Ɗaga hannunka ka dubi gaɓar da farcenka yake kai. Ka ƙaddara an sa wuƙa an guntule maka ita a yatsunka goma. Abin da ake yi wa mage ke nan. Tana da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya, don haka wanda ya ce na gaba kawai zai cire, yanka goma ya yi mata a zama ɗaya. Sannan kada a manta, mu a kan tafin ƙafa muke tafiya, ita kuwa a kan yatsu take takawa. Wato wurin da aka yanke, a kansa za ta ɗora nauyin jikinta har ta mutu.

Wani zai ce ai na Yaya ne ya ɓaci saboda da filaya aka yi, da a asibiti ne da lafiya ƙalau. To a saurara. A shekarar 2017 an buga wani bincike da likitocin dabbobi suka yi a kan kyanwowi 274, rabinsu an cire musu farata a asibiti, rabi kuma ba a taɓa su ba. Da aka ɗauki hoton ƙashi, sai aka ga kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin akwai guntayen ƙashi da suka saura a cikin daginsu. Aka kuma tarar sun fi sauran fama da ciwon baya, sun fi yawan cizo, sun fi yin fitsari da kashi a inda bai dace ba. Wannan fa aikin ƙwararru ke nan, da allurar barci da kayan aiki masu tsabta. Ina ga na filaya a cikin buhu?

Duk abin da binciken nan ya faɗa sai da na gan shi da idona. Magen da ba ta taɓa cizo ba ta gantsara wa ƙaramin ƙanenmu haƙori a hannu don ya zo shafa ta, tunda haƙorin kaɗai ya rage mata na kare kai. Da can tana zuwa bayan gida ta tona yashi ta yi buƙatarta ta rufe. Yanzu tonon ciwo yake mata, sai ta koma neman wuri mai laushi, kuma wurin da ya fi laushi a gidan nan kaf shi ne kafet ɗin amarya. A sito kuwa ɓeraye sun samu gari, Baba ya ƙirga buhunan da suka huda ya yi shiru. Garin gyaran gira an rasa ido. Yaya kyanwar Lami ya nema, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, sai ya samu gurguwa mai cizo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, su waɗanda ake cewa ana koyi da su tuni suka juya wa abin baya. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta kare dabbobin gida ta 1987 ta hana shi. Ingila ta hana a dokarta ta 2006, Isra'ila a 2011. A Amurkar da Yaya ya kafa hujja da ita, jihar New York ta haramta shi a 2019, Maryland ta bi sahu a 2022, wasu jihohin ma sun biyo baya. Inda kawai dokokin suka yi rangwame shi ne idan lalura ce ta lafiyar magen kanta, kamar ciwon daji a yatsa ko mummunan rauni da ba ya gyaruwa. Wato abin da masu shi suka kai juji, shi mu kuma muke tsintowa mu kai gida da sunan wayewa. Ko a nan Najeriya, dokar Final Kod ta Arewa da takwararta ta Kudu duka sun ɗauki azabtar da dabbar gida a matsayin laifi, ko da yake ba kasafai ake kai kowa gaban alƙali a kai ba.

Kwana biyu bayan Sallah na tafi garin Katagum, tsohuwar hedikwatar masarautarmu kafin a dawo da ita Azare, domin gaida kakata. Tsohuwar nan tun ina yaro ban taɓa ganin gidanta babu mage ba. Na ba ta labari, ta yi salati ta tafa hannu, ta ce, "Maigidana, ku da kuka je birni ashe hankalin ma can kuka baro shi? Zo ka ga." Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini wani tsohon turmi da ya tsage, an jingine shi a jikin katanga, gefensa duk ya yi zane-zane. Ta ce nan magenta take wasa farce, uwarta ma nan ta yi, kuma idan ta gaji da shi ga gindin dogon yaro nan. Ta ce, "Ni da nake da katifa da labule, ka taɓa ganin an yaga? Mage ba ta ɓarna sai ta rasa nata." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san abin da likitocin dabbobi suke koyarwa a yau.

Domin kuwa yakushin nan ba rashin kunya ba ne, halitta ce. Farcen mage ɓawo-ɓawo yake girma, sai ta karci wani abu tsohon ɓawon yake faɗuwa sabo ya fito. Da kartar take miƙa ta warware jijiyoyin baya da kafaɗa, musamman idan ta tashi daga barci. Akwai kuma wani ƙamshi da ke fita daga tsakanin yatsunta, wanda mu ba ma jin sa, da shi take sa alamar cewa nan wurinta ne. Duka ba ya hana ta, tsawa ba ta hana ta. Abin da kawai za ka iya shi ne ka zaɓa mata inda za ta yi.

Mu Musulmi kuma ai ba ma buƙatar Bature ya koya mana wannan. Ɗan makarantar allo ma ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce, amma ina tambaya: wanda ya raba mage da makamin da take farauta da shi, take hawa katanga da shi idan kare ya koro ta, bai kama hanyar matar nan ba? Babban sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi, Abu Huraira. A nan Kudu wasu maƙwabtanmu suna tsoron mage suna danganta ta da maita, kamar yadda a cikinmu ma akwai masu camfa baƙar mage, amma duk da haka an san shagon Bahaushe da mage a kwance kan buhu. Wannan abin alfahari ne, kada mu zubar da shi.

Bayan lada akwai kuma lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. A rahotannin hukumar NCDC na 2023 da 2024, jiharmu ta Bauchi tana cikin jihohi uku da cutar ta fi kamari, tare da Ondo da Edo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarinta na rigakafi, ta ambaci rufe hatsi a mazubin da ɓera ba ya shiga, da kai shara nesa da gida, da tsabta, da kuma ajiye mage. Mu da sana'armu ita ce tara hatsi a sito, mu ne za mu karya wa maigadinmu hannu? Mage mai kwanciyar ɗaukar rai ake mata kirari, to da me za ta ɗauki ran idan babu farce?

Na san hujjojin da ake kawowa, domin duka Yaya ya kawo mini su. Ya ce kujera kuɗi ce. Gaskiya ne, amma mai gyaran kujera yana sake wa hannun kushin yadi cikin wuni ɗaya, yatsa kuwa babu mai mayar da shi. Ya ce yara fa, idan ta karce su? Na ce cizo ya fi yakushi haɗari, domin haƙorin mage siriri ne, yana shiga can ciki ya bar ƙwayar cuta, kuma magen da aka cire wa farce ita ta fi cizo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma ba ta ba da shawarar cire farce don kare mutane ba. Ya ce ai muna dandaƙe bunsuru, muna yanka rago. Na ce yanka Allah ne Ya halatta don ci, kuma Ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da dabba, amma a ina aka halatta a nakasa dabba ta rayu cikin ciwo don kayan ado? Daga ƙarshe ya ce, to gara haka da a kai ta daji a yar. Na ce wa ya ce zaɓin biyu ne kawai? Ka fita kasuwar hatsi ka ce kana kyautar mage mai kamun ɓera, ka ga ko za ka dawo da ita.

Ga mai son ya zauna da mage kuma kujerarsa ta tsira, ga abin da ake yi, kuma kusan duka ba sa cin ko sisi.

Na farko, a ba ta abin kartarta. Kututturen ice, ko tsohon turmi, ko katako da aka naɗe da igiyar rama ko buhun algarara. Ya kai tsawon kamu biyu don ta iya miƙewa sosai a jikinsa, kuma a kafe shi da kyau, domin idan yana rawa ba za ta koma ba. Wata magen ta fi son karta a kwance, ita sai a ba ta tsohuwar tabarma ko kwali mai kauri. A lura da abin da ta fi so a ba ta irinsa.

Na biyu, a ajiye shi inda ya dace, wato kusa da makwancinta, da kuma dab da kujerar da ta saba karta. Idan aka kai shi can bayan gida inda ba ta zama, aikin banza aka yi. Duk lokacin da ta yi amfani da shi a shafa ta, ko a jefa mata kan kifi. Idan ta saba, sai a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so.

Na uku, a sa kujerar ta daina yi mata daɗi. A rufe hannun da leda mai kauri, ko a manna salatif ta yadda gefen gam ɗin yake waje, domin ba ta son abin da ke kama mata dagi. Mafi yawansu kuma ba sa son ƙamshin ɓawon lemo. Bayan 'yan makonni za a iya cirewa. Wanda ya fi duka sauƙi kuwa shi ne a rufe ƙofar falo idan babu kowa a ciki.

Na huɗu, a rage mata tsinin farce, wanda shi ne ainihin abin da ya yi kama da yankan farcen Juma'a. Idan tana kwance cikin natsuwa, a danna yatsan a hankali farcen zai fito. Za a ga bakinsa fari, cikinsa kuma ja-ja. Farin tsinin kawai ake datsewa da abin yanke farce, kada a kusanci jan, domin nan jini da jijiya suke. Bayan mako biyu ko uku a sake. Idan ta ƙi, a yi yatsa biyu yau, biyu gobe. Amma wannan na magen cikin ɗaki ne. Magen sito da mai yawo a waje a bar mata tsininta, da shi take aiki. A manyan birane ana sayar da wasu 'yan hulunan roba da ake manna wa farata, suna yin wata guda zuwa mako shida kafin su faɗi, su ma na magen ɗaki ne.

Na biyar, a koya wa yara. Kada a ja mata wutsiya, kada a matse ta, kada a yi wasa da ita da yatsu sai da tsumma ko igiya. A kai ta wajen likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin haukan kare, domin mage ma tana kamuwa. Idan ta karci mutum ko ta cije shi a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, idan kuma baƙuwar mage ce ko ciwon ya yi zurfi, a tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Kafin na baro Azare na kai 'Yar Sito wajen likitan dabbobi na gaskiya. Ya wanke ciwon, ya ciro guntayen farce daga yatsu uku, ya yi mata allura, ya ce za ta rayu amma da wuya ta koma kamar da. Yaya ne ya biya kuɗin, ban roƙe shi ba, kuma da muka fito bai ce mini uffan ba har muka iso gida. Yaya ba mugu ba ne, ji ya yi an faɗa a gidan manya ya ɗauka ilimi ne. Kaka ta aiko wa Baba da 'yar kyanwa daga Katagum, ta ce a faɗa wa masu filaya idan suka taɓa wannan da ita za su yi. Amarya da kanta ta naɗe wani katako da igiya ta kafa a bakin ƙofarta.

Kirana gare mu ne, 'yan uwa mazauna Kudu. Idan muka koma gida ana sauraronmu, ana cewa wane ya ga duniya, abin da muka faɗa sai ƙanne su ɗauka. Mun kai gida abubuwa masu amfani da yawa, amma ba duk abin da aka ji a gidan oga ne ake sawa a jaka ba. Duk wanda ya ji wani yana shirin cire wa mage farce, a Azare ne ko a Agege, ya zaunar da shi ya nuna masa gaɓar yatsansa. Masu tallar maganin dabbobi da ke karɓar irin wannan aiki kuma su ji tsoron Allah, 'yan kuɗin da za a ba su ba su kai alhakin ba. Malamanmu na Sabo da na gida, don Allah a riƙa taɓo haƙƙin dabbobi a wajen karatu.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, Yaya kai ma ka yi haƙuri na fasa ƙwai. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu tausayin abin da ke ƙarƙashin ikonmu, amin. Sai wani jiƙon.

Naku a kullum,
Ɗan Guddiri mazaunin Sabo, Ibadan.